Arzikin Gulbin Kabi Da Abin Da Zai Tsare Shi

Duk wanda ya taso daga Sakkwato cikin watan Maris ya nufi Argungu, zai yi tafiyar mil 60 ko kusa da haka cikin ƙasa busasshiya, ba ya ganin kome sai karan gero da aka bari a gona, da sabara, da rairayi, da awaki suna neman inuwa. Iska mai zafi tana dukan fuskarsa har ya ce a ransa, shin mutanen nan me suke ci? Amma da ya iso gari ya gangara wajen gulbi, sai ya ga wata duniya dabam. Fadama ce shimfiɗe kore shar iyakar ganinsa, ga shinkafa, ga albasa, ga injunan ban ruwa suna ta ƙugi, ga masunta cikin jirage, ga shanun Fulani suna kiwo a gefen tafki. Haka abin yake har Birnin Kebbi, tafiyar mil 30 gaba.

Wannan tsiri na ruwa da ciyawa shi ne arzikin ƙasar Kabi. Abin da muke so mu jawo hankalin masu karatu a kai, musamman malaman makaranta da akawunan ofisoshin hukuma da na masarautu, shi ne cewa shinkafa da kifi da kiwo da bikin su wanda ke kawo baƙi, duka huɗun daga tushe guda suke, watau cikowar gulbi ta kowace shekara. In cikowar nan ta gyaru sun gyaru gaba ɗaya, in ta ɓaci kuwa babu wanda zai tsira shi kaɗai.

Yadda ƙasar take

Damina a wannan yanki gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba galibi, sauran watanni kuwa rani ne da hunturu da bazara. Gonar tudu ba ta ba da amfani sai sau ɗaya, gero ko dawa ko wake, shi ma in ruwa bai ɗauke da wuri ba. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba su bukatar a yi musu bayani.

Gulbin Rima yana tattaro ruwansa daga ƙasashen Katsina da Zamfara da Gobir, ya haɗu da Gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan su gangaro tare ta Argungu da Birnin Kebbi da Bunza. Can gaba Gulbin Zamfara da Gulbin Ka su shigo masa, kana ya faɗa Kwara. A nan ƙasar ana ce masa Gulbin Kabi. Da yake kwarin yana da faɗi kuma ba shi da gangara sosai, in ruwa ya zo cikin Agusta da Satumba sai ya fantsama ya rufe fadama, ya zauna makonni, ya ajiye laka mai taki, ya cika tafkuna, ya kuma jiƙa ƙarƙashin ƙasa. Ruwan da manomin rani yake zuƙowa da inji cikin Fabrairu, ragowar cikowar Satumba ce da ƙasa ta ɓoye masa.

Mutanen da suka san wannan sarai. Muhammadu Kanta, wanda ya ɓalle daga Askiya na Sanwai wajen shekarar 1516 ya kafa daular Kabi, a bakin kwarin nan ya gina Surame. Daga baya sarauta ta koma Birnin Kebbi, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci garin a 1805. Kabawan da ba su bi ba suka kafu a Argungu, aka yi ta gwabzawa tsakaninsu da Gwandu da Sakkwato har zuwan Turawa. Fadama da ruwanta su ne suka ciyar da Argungu cikin waɗannan shekaru, su ne kuma suka zama mata ganuwa. Yau Birnin Kebbi ita ce mazaunin Sarkin Gwandu, kuma babban birnin Jihar Kebbi tun da aka ƙirƙiro ta ran 27 ga Agusta 1991.

Shinkafa

Tun kaka da kakanni Kabawa suna noman jar shinkafa irin ta Afirka, wadda ake shukawa da ruwan farko kafin gulbi ya kawo. In ruwa ya fara hawa sai ita ma ta riƙa miƙewa tare da shi, karanta ya yi tsawo fiye da mutum, kanta yana bisa ruwa. Ba ta ba da yawa kamar irin zamani, amma ba ta son taki, kuma ambaliyar da ke kashe wata shinkafa ita ce abincinta.

Hukuma ta daɗe tana sa ido a kan fadamar nan. A farkon shekarun 1950 an kawo motocin noma don huɗar fadamun Lardin Sakkwato, manoma suna biyan lada, amma aikin bai ɗore ba. Daga baya aka tsara babban aikin ban ruwa na Zauro, wanda aka yi niyyar ya shayar da fiye da hekta 10,000 tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, shi ma shekaru suka yi ta wucewa ana maganarsa. Abin da ya sāke fuskar noman rani da gaske ƙaramin abu ne, watau rijiyar burtsatse gajeruwa da ɗan injin fetur, waɗanda suka yaɗu tun shekarun 1980 da 1990 suka maye gurbin jigo. Da su ne manomi ɗaya yake iya ɗaukar shinkafa sau biyu a shekara, ya kuma haɗa da albasa da tattasai da alkama.

Ran 17 ga Nuwamba 2015 Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya zo Jihar Kebbi ya buɗe shirin Babban Bankin Nijeriya na ba manoman shinkafa rance. A ƙarshen 2016 aka fara sayar da shinkafar Kebbi a Legas bisa yarjejeniya tsakanin jihohin biyu, da sunan LAKE Rice. A 2017 aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, wadda aka gina don ta iya sarrafa ton 120,000 a shekara, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Samari da yawa waɗanda da suke tafiya cin rani Kudu suka zauna gida. Mata masu yin gumi, da 'yan dako, da masu gyaran inji, da direbobi, kowa ya sami abin taɓawa.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, ci gaban nan yana da rauni wurare uku. Na farko, rance mai yawa bai dawo ba, kuma bayan 2023 Babban Banki ya janye hannu daga irin wannan ba da bashi. Na biyu, da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin shayar da gona ya yi tashin da ƙaramin manomi bai iya ɗauka, shi ya sa masu hali suka fara komawa ga inji mai aiki da hasken rana. Na uku shi ne ruwan kansa. A daminar 2020 ambaliya ta shafe gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar ana dab da girbi, mutane suka wayi gari da bashi ba amfani.

Madatsun ruwa

Ba a iya fahimtar halin da gulbin ke ciki yau sai an dubi sama da shi. An gama madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, ta Goronyo kuwa a kan Rima a 1984. Sun yi amfani, don suna shayar da gonaki, suna ba birane ruwan sha, suna kuma sa gulbi ya riƙa gudu da rani. Sai dai sun canza lokacin cikowa da girmanta. A shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci, ana riƙe ruwa a sama, fadamar ƙasa ba ta cika ba, shinkafar gargajiya ta bushe, kifi bai sami wurin ƙwai ba. A shekarar da ya yi yawa kuwa, tilas a buɗe ƙofofi, ruwa ya sauko gaba ɗaya. Mutanen kwarin ba su manta da Satumban 2010 ba, sa'ad da ruwa daga wajen Goronyo ya ci garuruwa da gonaki a Sakkwato da Kebbi.

Ga kuma yashi. Duk inda aka sare itatuwa a tudu, ruwan sama yana kwaso rairayi ya zuba cikin gulbi, gindinsa ya cike, tafkuna su zama fako. Gulbin da ya cike da yashi shi ne mai saurin ambaliya da damina, shi ne kuma mai saurin ƙafewa da rani.

Kifi

Sunan Kabawa a wajen su ya kai ko'ina. Sarkawa da ake samu a bakin Kwara, daga Yawuri har ƙasashen maƙwabta, asalin yawancinsu daga nan ne. Gulbin yana da giwan ruwa, da tarwaɗa, da gargaza, da kurungu, da gaiwa wadda ke shiga laka ta kwana rani. Ana kama su da homa da birgi da taru da ƙugiya da gura, mata su yi banda, fatake su kai kasuwannin nesa.

Kifi ɗan cikowa ne. Sa'ad da ruwa ya hau fadama ne yake shiga cikin ciyawa ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a wurin da abinci yake, in ruwa ya fara janyewa su komo gulbi da tafkuna. Saboda haka magabata suka kafa doka. Akwai Sarkin Ruwa, akwai Homa shugaban masunta, akwai wuraren da ake rufewa ba mai jefa koma sai ranar da aka yi fashin ruwa. Matan Fada, inda ake gasar nan mai suna, irin waɗannan wurare ne. Manyan kifayen da ake fitarwa ranar biki, hanin da aka yi wata da watanni ne ya girmar da su.

Abin baƙin ciki, a wuraren da dokar ta yi sako-sako ana ganin masu su da raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro, wadda ba ta barin ko ɗan tsako. Akwai masu zuba guba. Ga maganin ciyawa da na ƙwari da ke gangarowa daga gonakin shinkafa. Mai yin haka yana cin kifin baɗi ne a bana.

Abin da ƙasashen hamada na bakin teku suka koya

Akwai ƙasashe a duniya da halinsu ya yi kama da namu, hamada a baya, ruwa mai kifi a gaba. Biyu daga cikinsu sun isa misali.

Gaɓar ƙasar Peru a Amurka ta Kudu hamada ce, amma tekunta na cikin mafi yawan kifi a duniya. A 1970 sun kama wani ɗan ƙaramin kifi wajen ton miliyan 12, suka gina masana'antu, suka sayi jirage, kowa yana tsammani ba ya ƙarewa. A 1972 ruwan teku ya yi ɗumi, ya tarar an riga an rage kifin da yawan kamu. Kafin ƙarshen 1973 abin da ake samu bai kai ton miliyan 2 ba, dubban mutane suka rasa aiki.

Muritaniya kuwa tana nan Afirka ta Yamma, inda Sahara ta gangara har cikin teku. A 1976 suka keɓe wani yanki na gaɓarsu mai suna Argin, inda kifi ke haihuwa kuma tsuntsaye daga Turai ke sauka da hunturu. Aka hana jirage masu inji shiga, aka bar masuntan wurin na asali, Imragen, su ci gaba da su da jiragensu na filafilai. Wurin ya zama ma'ajin da ke ciyar da sauran tekun da kifi, kuma baƙi suna zuwa kallonsa. To, wannan dabara ita ce ta Sarkin Ruwan Argungu, ya kuwa riga su da shekaru aru-aru. Ashe abin da ake nema a littattafan waje yana cikin gidanmu.

Gishiri da fatauci

Kwarin nan hanya ce tun da. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro suna ratsa ƙasar Kabi. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya kuma ga masu dafa gishiri a kwarin Foga can yamma, wanda mafi yawansa ke cikin Jamhuriyar Nijar yanzu. Gishirin Foga ya ja baya tun da na kanti ya yawaita, amma hanyar tana nan. Ta Kamba ake shiga Nijar, ta wajen Lolo da Tsamiya a shiga Benin. Albasar Aliero da shinkafa da kifi da dabbobi suna bin waɗannan hanyoyi. An ga amfaninsu ƙarara lokacin da aka rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, sa'ad da kasuwannin bakin iyaka suka yi tsit.

Baƙi masu zuwa kallo

A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa babban su don girmamawa. Ziyarar ta zama alamar binne gabar da ta fi shekara 100. Daga nan bikin ya samo asali. Ranar gasa masunta dubbai suke jeruwa a bakin Matan Fada, kowa da homarsa da gorarsa, da an ba da alama su ruga cikin ruwa, bayan kamar sa'a guda a auna a ga wanda ya fi. Akwai kabanci, watau wasannin ruwa irin su tseren jirage da nutso da kamun agwagwa da su da hannu, ga kokawa da dambe da nunin amfanin gona. A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ke alfahari da su. A bikin Maris 2020 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 78.

Duk da wannan suna, sai mu tambayi kanmu nawa ne ke shiga aljihun talakan Argungu. A 2006 an hana shiga ruwa saboda ƙarancinsa. Bayan 2009 an yi wajen shekara 10 ba a yi bikin ba, bayan na 2020 ma aka sake yin shekaru. Mai masauki ko mai abinci ba zai zuba dukiyarsa don kwana huɗu waɗanda bai tabbata za su zo ba. Baƙo daga nesa kuma yana son ya san rana tun da wata shida.

Alhali kuwa abin gani bai ƙare a kwana huɗun nan ba. A cikin Argungu akwai Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fadar sarakuna wadda aka mai da gidan ajiye kayan tarihi a 1958, da makamai da tambura da kayan su, da kaburburan sarakunan Kabi. Kufan Surame da ganuwarta ta dutse tana nan cikin Jihar Sakkwato, Gwamnatin Tarayya ta sa ta cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964. Akwai Alwasa inda aka yi yaƙin nan na 1805, akwai hubbaren Malam Abdullahi a Gwandu wanda masu ziyara ba su yanke masa ba. Ga fadama kanta da hunturu, lokacin da tsuntsayen ruwa suke cika ta. Ga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello kusa da Birnin Kebbi. Mai son tarihi zai yi mako guda bai gama ba. Kuma kada mu sa ido ga Turawa kaɗai. Ɗaliban Kano da Zariya da Dosso da Yamai, da 'yan Kabi mazauna Legas, sun fi yawa, sun fi kusa, kuma su ne za su dawo.

Sharaɗin wannan duka shi ne zaman lafiya. Harin da 'yan bindigan da ake kira Lakurawa suka kai garin Mera na ƙasar Augie a Nuwamba 2024 ya nuna cewa maganar tsaro ta iso bakin gulbi. Inda manomi ke tsoron zuwa gona, baƙo ba zai zo hutu ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Manyan ayyuka kamar yashe gulbi da gyaran madatsu na gwamnati ne. Amma akwai waɗanda ke hannun masu karanta wannan jarida, ba su kuwa bukatar kuɗi mai yawa.

Na farko, rubutu. A zamanin En'e akwai littafin kasuwa, da na jangali, da na ruwan sama, malami yana cikawa kullum. Ya kamata a farfaɗo da wannan hali. A kafa sanda mai awo a bakin gulbi a kowace gunduma, a riƙa rubuta tsawon ruwa kowace safiya. A rubuta yawan kifin da ke shiga kasuwa da irinsa da girmansa, a rubuta buhunan shanshera da farashinsu. Bayan shekara 5 littafin nan zai faɗi abin da baki ba ya iya faɗa, in an je gaban hukuma neman hakki.

Na biyu, labari. Ya kamata ya zama tsayayyen tsari cewa kafin a buɗe ƙofofin Goronyo ko Bakolori, Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta sanar da ƙananan hukumomi da hakimai, su kuma su isar wa dagatai da masu unguwa a ranar. Har wa yau a nemi a riƙa sakin ruwa da gangan a lokacin da fadama ke bukatarsa, gwargwadon abin da zai ishi kifi da shinkafa da burugun shanu. Akawun da ya bar irin wannan takarda ta kwana a tebur, ya sani gonar wani ce ta kwana cikin ruwa.

Na uku, a ƙarfafa hannun Sarkin Ruwa da Homa da takwarorinsu na sauran garuruwa. Dokarsu ta rufe ruwa a rubuta ta cikin dokokin ƙaramar hukuma, a ƙayyade girman idon raga, a hukunta mai guba ko ɗan wane ne. A kuma shata burtali da mashaya kafin rani, don kada manomi da makiyayi su haɗu a kan bakin tafki guda ba shiri.

Na huɗu naku ne, malaman makaranta. Yaro nawa ne a Birnin Kebbi ya gama firamare bai taɓa shiga Gidan Kanta ba, alhali tafiyar sa'a guda ce? Ku kai su. Ku sa su tambayi kakanninsu sunayen kifaye da na shinkafar da, su rubuta. Ku sa kowane aji ya dasa itatuwa ya yi renonsu. Daga cikin yaran nan ne za a sami masu yi wa baƙi jagora da Hausa da Turanci da Faransanci, da injiniyoyin ruwa waɗanda suka san gulbin tun suna wanka a cikinsa.

Na biyar, a tsai da lokacin biki, a kuma riƙe shi. Ko shekarar da kuɗi ya yi ƙaranci a yi shi daidai ƙarfi, gara ƙarami kowace shekara da ƙasaitacce sau ɗaya a shekara goma.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen Argungu da Birnin Kebbi sun san gulbinsu fiye da kowane baƙon masani. Ya ciyar da jama'ar Kanta shekara 500 da suka wuce, yana kuma ciyar da miliyoyi yau, har da waɗanda ba su taɓa ganinsa ba. Amana ce aka bar mana, za a kuwa tambaye mu yadda muka miƙa ta. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da fari da ambaliya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.